Gashin rasta: masu barin babbar tufka su koma siririya

Masu karatu, a ƙasarmu in mace ta gaji da kitson da ke kanta, abin ba shi da wuya. Ta ɗauki tsinke ta tsefe da maraice, ta wanke kai, gobe da hantsi ta nufi gidan makitsiya, kafin azahar ta fito da shuku ko zane ko duk abin da ranta ya so. Amma akwai wani irin gyaran kai wanda shigarsa shekara ce, fitarsa ma shekara ce, shi ne wanda ake kira gashin rasta. Yau za mu duba labarin baƙaƙen matan ƙasar Amurka waɗanda suka daɗe suna renon wannan gashi mai kauri, sa'an nan suka yanke shawarar barinsa domin su koma ga wani sabon iri siriri. Mai kallo daga nesa sai ya ce ai ɗan gyara ne, a rage kauri kawai. Ba haka ba ne. Wadda ta yi wannan sauyi daga tushe take sake farawa, kuma tana biya da shekarunta, da kuɗinta, da wani abu na ƴancin kanta.

Tukuna mu raba kalmomi. A Yamai ko Maraɗi in an ce yarinya ta yi rasta, galibi ana nufin dogon kitson nan da ake ƙara wa gashin kanti, wanda ake tsefewa bayan sati kaɗan. Ba shi muke nufi ba. Muna magana ne a kan gashin mutum na kansa, wanda aka daina tajewa har ya sarƙe ya zama igiyoyi. Masu jin Ingilishi suna ce masa dreadlocks, Yarabawa suna da kalmar dada ga yaron da gashinsa ya sarƙe tun yana jariri, mu kuwa in namiji ya bar kansa ba aski ba mashaci sai mu ce ya tara gizo. A cikin wannan bayani za mu kira shi tufka, mai kauri mu ce babbar tufka, sabon irin mu ce siririya.

Yadda gashi ke kulle kansa

Gashin baƙin mutum ba miƙaƙƙe ba ne, a nannaɗe yake fitowa. In an daina tajewa, kowane sili yana laƙe maƙwabcinsa har su zama dunƙule. Akwai kuma wani abu wanda shi ne tushen dukkan wannan magana. Likitocin fata sun ce kan mutum yana ɗauke da sili wajen 100,000, kuma kowace rana sili 50 zuwa 100 suna zubewa, wasu su tsiro a gurbinsu. Ga mai taje kai, waɗannan su ne ke biyo mashaci a zubar. Ga mai tufka kuwa ba inda suke zuwa: sun rabu da fatar kai, amma suna nan maƙale cikin igiyar. Mu yi lissafi da mafi ƙanƙanta. Sili 50 a rana, shekara goma, ya haura sili 180,000. Wato macen da ta yi shekara goma da tufka tana ɗauke da zubabben gashi wanda ya fi na kanta mai rai yawa. Shi ne ya ba igiyar tsawon nan har gadon baya, shi ne kuma ya ba ta nauyi.

Babbar tufka ba ta bukatar kayan aiki mai yawa. Wasu sukan bar gashin ya sarƙe yadda ya ga dama. Wasu sukan tsaga kai gida-gida su murɗa kowane gida da tafin hannu, kamar yadda ake murza zare a cinya, suna ɗan shafa kakin zuma ko mai. Igiyoyin sukan kai kaurin fensir ko na ɗan yatsa, yawansu daga ƴan gomiya zuwa ɗari da wani abu. Kafin su nuna, wato su kulle sosai har wanka ba ya warware su, sai an yi shekara ɗaya, wani kan ma biyu. Bayan nan mai su ta huta. Tana iya murɗa sabon tsiro da hannunta, ko ƙanwarta ta yi mata, ko ta ƙyale shi wata uku ba abin da zai lalace.

Wannan gashi ya girmi Amurka nesa ba kusa ba. A ƙasar Indiya masu gudun duniya suna barinsa tun zamanin da. A Senegal almajiran Shehu Ibra Fall, waɗanda ake kira Bay Fall, da shi aka san su. A Kenya mayaƙan Mau Mau da suka shiga daji suna faɗa da Ingila cikin shekarun 1950 sun fito da shi a hotunan jaridu. Amma waɗanda suka kai sunansa ko'ina su ne ƴan Rasta na tsibirin Jamaika, ƙungiyar da ta taso bayan naɗin sarki Haile Selassie na Habasha a 1930, da mawaƙinsu Bob Marley wanda ya rasu a 1981. A wurinsu gashin alwashi ne tsakaninsu da Ubangiji, kuma alama ce ta ƙin bin tsarin Turawa. Daga nan baƙaƙen Amurka suka ɗauka, har manyan marubuta mata irin su Alice Walker da Toni Morrison suka riƙa fita da shi a bainar jama'a.

Malamar Faransanci da tsinkenta

Siririyar tufka kuwa an san wadda ta ƙago ta, an san shekarar. Sunanta JoAnne Cornwell, ta kasance malama a jami'ar jaha ta birnin San Diyego, can Kalifoniya, inda ta koyar da Faransanci da ilmin al'amuran baƙar fata. A shekara ta 1993 ta kafa kamfani ta sa wa dabararta suna Sisterlocks, wato tufkar ƴan'uwa mata, ta kuma yi wa sunan rajista.

Bambancin yana cikin aikin. Ba a murɗawa da tafin hannu, ba a sa kaki, ba a sa mai. Ana tsaga kai ƙananan gidaje a jere, layi bisa layi, da awo. Sa'an nan a ɗauki wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙugiyar saƙa, a fara daga ƙarshen gashi ana cusa shi cikin kansa ana ja, har a iso fatar kai. Kowace igiya ba ta fi kaurin zaren saƙar hula mai ɗan kauri ba, kuma kai guda yakan ɗauki 400 ko fiye. Aikin farko yakan ci yini biyu, wani lokaci uku, mai kai na zaune mai aiki na tsaye. Kamfanin ne ke koyar da masu yin sa, da horo na kwana huɗu, daga baya ya ba su takardar shaida. Da abin ya karɓu, wasu masu gyaran kai suka shiga yin irinsa ba tare da sunan kamfanin ba, suna kiransa microlocks, da ɗan sauƙin kuɗi da sauƙin ƙa'ida. Yanzu ana yin sa a Landan da Paris, ana yi a Legas da Accra da Nairobi.

Malamar nan ba ta tsaya ga tsinke ba, sai da ta shiga kotu. A lokacin, dokar Kalifoniya ta ce duk mai son ya taɓa gashin wani don kuɗi sai ya yi awa 1,600 a makarantar gyaran jiki ya sami lasisi. Ga shi kuwa makarantun nan aski da rini da sa maganin miƙar da gashi suke koyarwa, ba ruwansu da kitso balle tufka. Tamkar a ce wa makitsiyar Zongo ba za ta yi wa kowa kalaba ba sai ta kawo shaidar wanzanci. Ta kai ƙara a 1997, a 1999 alƙalin kotun tarayya ya ba ta gaskiya, ya ce ba hankali a tilasta wa mutum koyon abin da ba shi da alaƙa da sana'arsa. Shari'o'i irin wannan sun biyo baya a wasu jahohi, kuma cikin waɗanda suka ci moriyarsu har da matan Afirka ta Yamma, ƴan Senegal da Mali da Gine da sauransu, masu shagunan kitso a biranen Amurka.

Me ya sa suke sauyawa?

Dalilan da matan ke fara faɗa na jiki ne, kuma gaskiya ne. Babbar tufka in ta tsufa tana da nauyi, in ta jiƙe nauyin ya ninka, wuya ya ji. Cikinta ba ya saurin bushewa: a wanke da safe, dare ya yi tsakiyar igiyar na da danshi, in aka yawaita kwana da ita haka sai ta fara warin ruma. Kakin da aka riƙa shafawa shekara da shekaru, da ɓurɓushin auduga na tufafi da matashin kai, duk suna shigewa ciki su zauna. Siririya kuwa ruwa na ratsa ta, iska na busar da ita cikin ɗan lokaci. Ana iya tsaga ta ta kowane gefe, a naɗe ta ta yi lanƙwasa, a kitse ta, a tufke ta a ƙeya, ta kwanta a ƙarƙashin ɗankwali ko hular aiki. Daga nesa kaɗan sai ka ce sakakken gashi ne.

To, nan ne maganar ta fara nauyi. Daga nesa sai ka ce ba tufka ba ce. Me ya sa mace za ta so gashinta ya ɓoye abin da yake? Amsar tana cikin tarihin ƙasar. Tun a 1786 gwamnan Luwiziyana ya yi doka cewa mata masu jinin baƙi, ko da ƴantattu ne, sai su rufe gashinsu da ƙyalle in za su fita. Bayan an hana bauta, ma'aunin kyau da na kamun kai ya zama miƙaƙƙen gashi irin na Turawa, baƙaƙen mata suka shiga miƙar da nasu da mashacin ƙarfe mai zafi, daga baya da magani mai ƙona fata. Wadda ba ta yi ba takan ji a wurin neman aiki.

Wannan ba labarin da ba ne kaɗai. A 2010, a birnin Mobil na jahar Alabama, wani kamfani ya ɗauki wata mace mai suna Chastity Jones aikin amsa waya, sai jami'ar ɗaukar ma'aikata ta ce mata sai ta yanke tufkarta, wai irin wannan gashi yakan hargitse. Ta ƙi, aka janye aikin. Hukumar gwamnati mai kula da adalci wajen ɗaukar aiki ta kai ƙara a madadinta, amma a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfanin bai taka doka ba, domin launin fata ba ya sauyuwa, gyaran kai kuwa ana iya sauya shi. A watan Disamba na 2018, a jahar Niyu Jasi, alƙalin wasa ya ce wa wani ɗan lakol mai kokawa ko ya yanke gashinsa ko a ba abokin karawarsa nasara. Aka sa almakashi aka datse masa a gefen fili, jama'a na kallo, hoton ya zagaya duniya.

Labarin soja ya fi fito da abin fili. A 2014 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta haramta tufka ga mata sojoji. Aka yi ta ƙorafi har majalisa. A watan Janairu na 2017 aka halatta, amma da sharaɗi: igiyoyin su zama kai ɗaya, a tsage su a jere, kada kaurin kowace ya wuce rabin inci, wato santimita ɗaya da kaɗan. Mai karatu ya lura. Ba a ce an karɓi gashin baƙar mace yadda yake ba, cewa aka yi an karɓi wanda ya yi siriri ya jeru. Abin da soja ya rubuta a takarda, shi ne abin da shugabannin ma'aikatu da yawa ke riƙe da shi a zuci ba su faɗa.

Doka ta fara motsi daga baya. A watan Yuli na 2019 Kalifoniya ta zama jaha ta farko da ta hana nuna bambanci saboda irin gashi ko gyaransa, dokar da ake kira CROWN, kuma jahohi fiye da 20 sun bi sahu. Majalisar wakilai ta tarayya ta amince da irinta a 2022, ta dattawa ba ta amince ba. A Faransa ma majalisar dokoki ta jefa ƙuri'ar yarda da makamanciyarta a watan Maris na 2024, bisa shawarar Olivier Serva, wakili daga tsibirin Gwadalup. Amma doka daban, idon mai ɗaukar aiki daban. A Tekzas, inda dokar ta fara aiki a 2023, an ci gaba da hukunta wani ɗan lakol saboda tsawon tufkarsa, kuma a 2024 alƙali ya goyi bayan makarantar, ya ce dokar ba ta ambaci tsawo ba.

Saboda haka in an ji mai talla na cewa siririyar tufka ta fi tsabta, ta fi dacewa da biro, a ganinmu sai a tauna maganar kafin a haɗiye. Tsabtar gashi wanki ne da busarwa. Babbar tufka da ake wankewa ta fi siririyar da aka yi wa sakaci tsabta. Wasu ƴan Rasta suna yi wa siririyar kallon raini, suna cewa tufka ce ta masu son yardar maigida. Wannan ma ya yi tsauri. Da yawa daga cikin masu siririyar ba daga babbar tufka suka zo ba, daga maganin miƙar da gashi suka gudo, kuma suna da hujja. A watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin mata fiye da 33,000 har shekara kusan 11. Aka ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba su taɓa amfani da maganin ba, ƙasa da 2 cikin 100 ne za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, cikin masu yawan amfani da shi kuwa wajen 4 cikin 100. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce maganin ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa ya sa mace ta nemi wata hanya. In siririyar tufka ce ta ba ta damar barin maganin ba tare da ta rasa aikinta ba, ba mai ikon zarginta.

Ƙofofin fita

Yanzu ga wadda ke da babbar tufka ta shekara takwas ko goma, ta ga ƙawarta da siririya, ranta ya biya. Abu na farko da mai gyaran kai na gari zai faɗa mata shi ne: igiya mai kauri ba ta komawa sirara. Akwai masu gwada tsaga ta biyu da almakashi ko reza daga ƙasa zuwa sama. Amma silin gashi a cikin tufka ba a jere suke kamar zaren tabarma ba, sun bi ta ko'ina, hagu da dama. Duk inda reza ta bi ta yanke su, sai a sami igiyoyi biyu raunana masu ɓalɓalcewa, watanni kaɗan su fara tsinkewa. Ko da an dace, daga 80 an koma 160, ina 400?

Saura hanya uku. Ta farko aski: a sauke komai, a jira sabon gashi. Gashi na tsiro wajen santimita ɗaya a wata, kuma ana iya fara siririya da gashin da ya kai santimita huɗu ko biyar, wato jiran wata huɗu zuwa shida. Ta biyu ta fi sauƙi ga zuciya: a daina murɗa sabon tsiro na wasu watanni, gindin ya taru a sake a ƙarƙashin igiyoyin, sa'an nan a yanke daga inda sarƙewar ta fara. Mace ba ta fita da ƙwaryar kai, amma tsawon ya tafi.

Ta uku ita ce tsifa, kuma ita ce mata suka fi sa rai a kanta, domin suna son su tsira da tsawonsu. Ana iya tsefe tufka, ba ƙarya ba ne. A jiƙa igiya da ruwa da man laushi, a sa tsinke daga ƙarshenta ana ɓanɓara kaɗan-kaɗan zuwa sama. Igiya ɗaya doguwa tana iya cin awa guda ko fiye, kai duka ya ci kwanaki, ga mai aikin yini ma makonni. Yatsu su yi kanta. Sa'an nan a tuna lissafin da muka yi a baya. Duk zubabben gashin nan na shekara goma yanzu zai fito, tuli guda, ya cika kwando. Mata da yawa sukan firgita su zaci sanƙo ya kama su, alhali gashi ne da ya riga ya rabu da kai tuntuni. Abin da ya rage a kai bai kai tsawon igiyar ba ko kusa, ƙarshensa kuma ya gaji, sai an datse. Bayan wannan wahala masu sana'ar sukan ce a bar kai ya huta makonni, a yi ta ba shi mai, kafin a sake ɗora masa wani aiki.

Kowace hanya aka bi, ranar da aka gama sa siririyar ba ranar murna ba ce sosai. Igiyoyin sirara ne, gajeru, fatar kai na bayyane tsakanin layuka kamar gonar da aka shuka gero bai rufe ƙasa ba. Ba a sa mai ko man laushi a watannin farko, don kada su zame su warware. In za a wanke sai an kitse su manya-manya an ɗaure bakinsu. Wata shida zuwa shekara, wani gashin ma fiye, kafin su cika su kulle. Macen da jiya gashinta ke dukan kwankwaso ta koma ƴar koyo. Ga wadda ta fara tufkarta ranar wani abu babba, haihuwa ko rasuwa ko mutuwar aure, yanke ta ba ƙaramin abu ba ne, domin tana iya nuna maka a jikin igiyar inda kowace shekara ta tsaya. Shi ya sa da yawa ba su zubar da ita, sukan wanke su naɗe a ƙyalle su ajiye cikin akwati.

Kuɗi da alƙawarin da ba ya ƙarewa

Sa siririyar tufka a Amurka yana cin ɗaruruwan daloli, ga mai dogon gashi yakan haura 1,000. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Dala 1,000 ta fi jika 500 na kuɗin sefa, wato ta kai albashin shekara guda na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙantan albashi a Nijar, jika 42 a wata. Kuma wannan kuɗin shiga ne kawai.

Babban abin shi ne ɗaurin gindi. Kowane sati huɗu zuwa shida sai an koma an kama sabon tsiro an cusa shi cikin igiyarsa, ɗaya bayan ɗaya har 400. Zama ne na awa uku ko fiye, sau 9 zuwa 13 a shekara, kowane zama da kuɗinsa. In an yi jinkiri, sabon tsiro ya kama na maƙwabta, igiyoyi su haɗe a gindi, wasu gindinsu ya sirance har su faɗi. Wadda a da take murɗa kanta da hannunta a gaban madubi, yanzu tana da ranar da ba ta iya saɓawa da mai gyaran kai. In ta ƙaura zuwa garin da babu gwani, ko aiki ya tsaya, ko gwanar ta ƙara kuɗi, kanta ne zai nuna. An ga haka a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe shagunan gyaran kai makonni da yawa: mata suka zauna da ƙugiya da madubi biyu suna koyon ɗaure ƙeyarsu, hannu a sama har kafaɗa ta ƙage. Kamfanin Sisterlocks kansa yana koya wa mai kai ta riƙa yi da kanta bayan gashin ya zauna, amma abin da gwana ke gamawa a yini guda, mai kai takan yi kwanaki tana yi.

Akwai kuma lafiyar fatar kai, kuma wannan ya shafi matanmu ko da ba su taɓa ganin tufka ba. Kai mai igiya 80, kowace na tsaye bisa sili fiye da 1,000. Kai mai igiya 400, kowace bisa sili wajen 250. In mace ta haihu gashi ya zuba, kamar yadda yakan yi wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ko ta yi doguwar jinya, ko shekaru suka ja, babbar igiya tana da rarar da za ta jure, siririya ba ta da ita. Haka in mai aiki ta cika ja, ko tana ɗaurewa tun tsiro bai isa ba. Likitoci suna da suna ga zubar gashin da ja ke haddasawa, kuma mun san shi da ido: goshin nan da ke ja da baya, da gefen kunne da ya koma sumul, ga matan da suka daɗe suna kitso mai tsauri. Binciken da likita Nonhlanhla Khumalo ta yi a Kef Tawun, Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2007, ya same shi ga kusan mace ɗaya cikin uku. Da farko yana warkewa in an sassauta. In an daɗe, tushen gashin ya mutu, ba mai da zai tsiro da shi. Alamunsa na farko ciwon kai bayan gyara, da ƙananan ƙuraje a bakin gashi. Maganar nan da makitsa ke yi wa yara, wai a daure kyau sai da zafi, likitan fata bai yarda da ita ba.

Ba mamaki ke nan da ake samun masu komowa. Bayan shekara goma ko sha biyar da siririya, wasu matan sukan gaji da zaman, ko aljihu ya gaza, ko gindin igiyoyin ya yi rauni. Nan kuwa hanya a buɗe take, domin abin da ba ya tsaguwa yana haɗuwa. A kama igiya biyu ko uku maƙwabta a murɗe su tare, ko a cusa ɗaya cikin gindin ɗaya, sabon tsiro ya ci gaba da fitowa a matsayin igiya guda. Na ɗan lokaci takan zama mai gindi ɗaya da wutsiya biyu, har ta yi ƙarfi a datse wutsiya ɗaya ko a ɗinke su da zare. Daga 400 a koma 200, daga baya 100, ba aski, ba tsifa, tsawon kuma yana nan.